Albarka ta Imel

A shekarar da aka hana mata hawa acaɓa na kusa barin aikina. Ungozoma ce ni a ƙaramin asibitin Garo, gidanmu kuma yana Gwarzo, inda maigidana yake koyarwa a firamare. Da aka kawo Shari'a har guɗa na yi, ban kuma yi da-na-sanin guɗar ba. Sai dai waɗanda suka zauna suka ce kada mace ta hau bayan ɗan acaɓa, babu wanda ya tambaye ni da me zan isa Garo. Motar haya takan ware wa mata kujerar baya, kafin in fito ta cika da masu zuwa biki da ƙullin kayansu. In tsaya a tasha har rana ta take, in canza mota a hanya, in ƙarasa da ƙafa. Ranar awo sai in tarar da mata masu ciki sun jeru a kan benci tun hantsi, wasu sun gaji sun koma gida ba a duba su ba.

Ga shi lokacin kowa ya ɗaure ciki. Man fetur yana ta tashi, albashi yana nan inda yake, rabin nawa a hanya yake ƙarewa. Wata rana Malam, haka nake kiran maigidana, ya dube ni ina jiƙa ƙafafuna a ruwan ɗumi ya ce, "Likita, wannan ba aiki ba ne, horo ne. In damina ta wuce ba mu samu mafita ba, ki haƙura da shi." Ba da faɗa ya faɗa ba, shi ya sa ta fi yi mini ciwo, don na san gaskiya ya faɗa. Na amsa da to, na shiga ɗaki na yi kukana.

Ban iya riƙe magana a ciki ba. Ranar awo ta gaba na gaya wa matan cewa mai yiwuwa daga kaka ba za su ƙara ganina ba. Akwai wata a cikinsu, doguwa mai tsiwa daga wata ruga a bayan gari, wadda cikinta biyu suka zube a baya, wannan na uku kuma muna lallaɓa shi tare tun yana ƙarami. Ta dafa cikin ta ce, "Malama, ki tafi duk inda za ki, amma sai na sauka tukuna." Sauran suka yi dariya, ita ba ta yi ba.

A wata tsohuwar jarida da aka naɗo mini magani a ciki na ga tallar. Wasu dillalan motoci a Kano suna ba ma'aikata hayar mota ta dogon lokaci: ka karɓa ka riƙa biya wata-wata, in wa'adi ya cika ka mayar musu, ko ka cika kuɗi ta zama taka. A ƙasan kowace talla akwai adireshin imel. Malam ya kai maganar wurin limamin unguwarmu, aka ce masa haya halal ce, muddin ba a ɗora kuɗin ruwa in an yi jinkirin biya ba. Saura ciniki, a nan kuwa gizo yake saƙa. Malam mutumin kirki ne, amma in aka ce masa kaza dubu, sai ya biya ya ƙara da godiya. Ni kuma ba zan je in zauna a tsakiyar maza a filin sayar da motoci ina ja-in-ja ba. Da ma an taɓa koya mana kwamfuta a wata bita ta rigakafi, kuma an buɗe wani shago kusa da tasha a Gwarzo inda ake aika imel, in janareto ya tashi, in kuma sabis ya ga dama.

Malam ya ce zuwa da kai ya fi aike. Na ce in dai kan nasa ne za a aika, gara saƙon.

Mahaifina yana Gammo. Asalinmu makiyaya ne, shi ya zauna ya kama noma, amma rabin rayuwarsa a kara ya yi ta, yana dillancin shanu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini. Ranar da ya zo duba jikoki na ba shi labari, ya saurara yana sosa gemu, bai san ko mece ce imel ba, bai kuma damu ya sani ba.

"Uwata, mutum ne a can ɗaya gefen ko inji?"

"Mutum ne, Baba."

"To ki gaishe shi. Ba a taya sa kafin a gaida mai sa."

Malam ya ce ai wasiƙar kasuwanci ba a cika ta da gaisuwa, ga shi a shagon da minti ake biya. Ban saurare shi ba. Na zauna gaban kwamfuta da yatsa ɗaya, na yi sallama, na tambayi gida da iyali, da kasuwa, da yadda aka ji da ruwa, da gajiya. Sannan na juya Turanci na faɗi ko ni wace ce, da irin ƙaramar mota 'yar Kwatano da nake so, wadda ba ta shan mai. Daga ƙarshe na taya, ƙasa sosai da abin da suka rubuta a jarida. Dillalai uku na aika wa. Kafin saƙon ya tafi janareto ya mutu, sai da na sake rubutawa daga sallama.

Biyu suka amsa a cikin makon. Dogon Turanci ne mai sanyi, iri ɗaya kamar an haɗa baki, suna godiya, suna cewa farashinsu ba ya canzawa, ga sharuɗɗa a maƙale. Ko amsa sallamar ba su yi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ban damu da ƙin da suka yi ba kamar yadda na damu da cewa babu wanda ya karanta abin da na rubuta. Na fito daga shagon ina faɗa ni kaɗai har mai rake ya tambaye ni ko lafiya.

Na uku ya yi shiru, har na cire rai. Wata Asabar na biya shagon don kawai kada in ce ban duba ba. Shafin ya daɗe yana juyawa, sannan ya buɗe, sai ga saƙo. Amsar sallama ce a sama, a ƙasanta kalma ɗaya tak: Albarka.

Dariya ta ƙwace mini a tsakiyar shago, har mutane suka waiwayo. Na dawo gida da saurina na gaya wa Malam. Ya ce, "To ai ya ƙi ke nan. Mene ne abin murna?" Na ce kuɗin ya ƙi, ni bai ƙi ni ba. Duk wanda ya taɓa sayen ko da tumatir ne ya san mai cewa albarka bai kore ka ba, yana jira ne ka ƙara. Waɗancan biyun ƙofa suka rufe, wannan kuwa tabarma ya shimfiɗa. Tun da aka fara maganar barin aiki ban yi barci mai daɗi irin na ranar ba.

Daga nan muka ajiye Turanci. In ƙara kaɗan, ya ce albarka, ya sauko kaɗan. Ya tambayi jikin mahaifina, in tambayi nasa iyalin. Kowace ranar awo matan Garo sukan tare ni da, "Malama, yaya cinikin?" In ce har yanzu albarka yake cewa. Doguwar nan kuwa cikinta ya yi nauyi, ƙafafunta sun fara kumbura, ina duba ta ina lissafin watanni a zuciyata. A gefe guda Malam ya aro tsohuwar motar abokinsa yana koya mini tuƙi a filin makarantarsu da yamma, wai kada a sallama mana mota mu tsaya kallonta. Na ga alamar shi ma ya fara sa rai, ko da yake bakinsa bai faɗa ba.

Da kuɗin ya kusa daidaita sai muka ci karo da wani sharaɗi. An rubuta cewa duk abin da ya lalace a motar, har inji, mai haya ne zai gyara. Na je Gammo na karanta wa Baba. Ya ajiye fartanyar da yake wa ƙota ya ce, "A'a. In na ba ki hayar shanun huɗa, ciyawa da dusa da ruwa naki ne. In sa ya faɗi ya mutu ba da gangancinki ba, asarar tawa ce, don sa nawa ne. In yana son ki ɗauki asarar, ya sayar miki kawai, kada ya kira shi haya." Haka na rubuta wa dillalin, da shanun da dusar duka, ban canza komai ba. Ya amsa cewa mota ba sa ba ce, kuma haka kowa yake yi a Kano.

"To juya masa baya," in ji Baba.

"Baba, ta yaya ake juya baya a imel? Ba ya ganina."

"Zai ga babu ke."

Wannan shi ne abu mafi wuya da na yi a duk cinikin. A kasuwa in ka juya, taku kaɗan ne za ka ji an ce zo mana, ko kada ka ji. A nan kuwa babu abin da za ka ji. Kullum sai na wuce ta gaban shagon a hanyar tasha, in kawar da kai, ƙarar janareton tana bina. Gero ya fara fitar da kai, damina tana shirin tafiya. Na ji haushin Baba, na ce a raina shi da ba shi da matan da ke jiransa a benci, me zai hana shi ja. Har na ce wa Malam zan koma in amince da sharaɗin. Abin mamaki, shi da ba ya ciniki shi ne ya ce, "Ki ƙara haƙuri, Likita. In injin ya buga a wata na biyu, aikin da motar duka za mu rasa."

Da na kasa daurewa na shiga shagon, na buɗe imel ɗina. Saƙonni biyu na tarar. Na farko yana cewa, "Hajiya, shiru? Allah ya sa lafiya." Na biyu kuma ya ce, "Dawo mana. Gyaran inji da giyar mota nawa ne, taya da baƙin mai da birki naki, su ne dusar. Babu ƙarin ko kwabo in albashi ya makara. Na sallama. A gaida mai shanu."

Mu uku muka je Kano, ni da Malam da Baba. Dillalin ashe dattijo ne mai furfura, ba ya ma taɓa kwamfutar, akawunsa ne yake bugo masa saƙonni a takarda ya karanta. Ya ce cikin duk masu rubuto masa ni kaɗai ce na tambaye shi yadda ya ji da ruwa, ga shi kuwa a makon katangar gidansa ta faɗi. Na sa hannu a takardu, amma Baba bai yarda ciniki ya faɗa ba sai da ya kama hannun dattijon ya girgiza a madadina, suka ce Allah ya sa a amfana. Sannan ya zagaya motar yana duba ta ta gaba da ta baya, har ya sa Malam ya buɗe masa bakinta.

Ranar awo ta gaba ni na tuƙa kaina zuwa Garo, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, da wasu mata biyu da na tsinta a tasha. Na isa kafin a gama share harabar asibiti. Benci babu kowa sai mutum ɗaya, doguwar nan, ta jingina da bango tana cije leɓe, zufa tana keto mata. Kwanakinta sun wuce tun makon jiya, ina ta fargabar ko ta sauka a gida ba ni nan. Ta dubi motar, ta dube ni.

"Malama, an sallama?"

"An sallama. Ina nan, ba inda za ni."

"To madalla. Shi ma wannan na cikina tun wancan mako nake roƙonsa, albarka kawai yake ce mini."

Na kama ta muka shiga ciki, na wanke hannu. Ana kiran la'asar shi ma ya sallama, namiji, da kukansa mai ƙarfi.