Jatau Ya Hau Ganin Gari

Duk sa'ad da na ji wani ɗan Sabo yana bugun ƙirji wai a unguwarsu aka yi makaho mai hawan dutse, sai in ji raina ya ɓaci. Da bakin nan nasu suka rantse cewa bai iya ba, ni kuwa ina wurin.

Jatau mutumin Kwatarkwashi ne. Ya sauka Sabo, unguwar 'yan Arewa a birnin Badun, shekarar da aka sami 'yancin kai, da sanda da ƙunshin kaya ɗaya. Wani zazzaɓi ne ya tafi da ganinsa yana ɗan shekara goma sha biyu, amma ya bar masa idanun garau, idan ya fuskance ka sai ka rantse kallonka yake. A al'adar Sabo, baƙon makaho wurin Sarkin Makafi ake kai shi, a ba shi makwanci, a nuna masa inda zai riƙa zama a bakin masallaci. Jatau ya ce ya gode, shi aiki ya zo nema. An yi ta dariya, har Alhaji Babandi, mai saukar da fataken goro, ya zube masa kwandon goro ɗaya don a ƙara dariyar. Kafin a yi la'asar ya ware duk wanda tsutsar sankara ta taɓa, da yatsu kawai. Tun daga ranar yake tsintar goro, ni Manniru ina ɗaure huhun goro a gefensa, ɗakinmu ɗaya a gidan Alhaji.

Abin da Sabo ba ta taɓa yafe masa ba shi ne ranar Lahadi. Bayan unguwar Mokola akwai wani dutse da aka taɓa fasawa aka bari, gefe ɗaya a tsaye kamar bango, ya kai tsawon bene hawa uku. Akwai hanya mai sauƙi ta bayansa, amma Jatau ta bangon yake bi. Yakan ajiye sanda da takalmi a gindi, ya shafa ƙasa a tafi, ya ƙwanƙwasa dutsen da yatsa ya saurara. Wurin da ya yi ƙara kamar fasasshiyar tukunya ba ya taka shi. Haka zai yi ta lalube, kumatunsa manne da dutse, har ya kai sama ya zauna. Na sha raka shi, ina daga gindi ina kallo. Ya ce mini tun yana da ido yake hawan dutsen garinsu, bai ga dalilin da zai sa ƙafarsa ta daina abin da ta iya don ido ya yi tafiyarsa ba.

Idan zai fita sai ya ce zai je ganin gari, kamar yadda kowa ke faɗi. A can sama yana jin usur ɗin jirgin ƙasa, da kukan shanu, da ƙararrawar coci, da ƙamshin manja daga ƙasa, shi ke nan ya ga gari. Mutanenmu kuwa wasu suka ce aljanu ke ɗaukarsa, wasu suka ce neman suna ne. Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu cewa yana raina kyautar Allah, wai an ba shi hanyar ci ba wahala ya ƙi.

Da yaƙin basasa ya tashi, gari ya cika da soja da zargi. Wata Lahadi da hantsi, ban raka shi ba, sojoji biyu suka hango mutum zaune a kan dutse ya fuskanci barikinsu. Suka zagaya ta baya suka tsaya a kansa, ɗaya ya tambaye shi da Hausar bariki abin da yake yi. Jatau ya ce, "Ganin gari nake." Da wannan kalma suka tasa shi gaba a matsayin ɗan leƙen asiri. Ya ce shi makaho ne, suka dubi idanunsa, suka dubi bangon da takalminsa ke gindi, suka ƙara masa da mari.

A lokacin ana iya harbe mutum a kan abin da bai kai haka ba. Washegari Alhaji Babandi ya tara mu mutum shida muka tafi. A hanya dattawa suka shirya magana: za a ce makaho ne mabaraci, ya ɓata hanya, wani ya ja shi ta baya ya bar shi a sama, ba ya iya hawa ko dakali. Hafsan da muka tarar Bayarabe ne, ya saurare mu, ya sa muka rantse ɗaya bayan ɗaya, muka rantse. Sannan aka fito da Jatau, leɓensa a kumbure, aka ce ya dangwala yatsa a takarda a miƙa shi ga Sarkin Makafi, magana ta ƙare.

Ya tambayi abin da ke cikin takardar, aka gaya masa. Ya mayar da hannunsa cikin riga.

"Oga, makaho ne ni, wannan gaskiya ne. Amma ban taɓa bara ba, kuma ba wanda ya ja ni. Ni na hau."

Alhaji ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya ce ya rufa wa kansa asiri ya rufa mana. Jatau ya ce, "Alhaji, ku yi haƙuri. In na sa yatsa a nan, me ya rage mini?"

Hafsan ya ce to a je a gani. Aka ɗebe mu a mota zuwa gindin dutsen. Abin da ba zan manta ba, sai da suka ɗaure wa makaho ido da ƙyalle, ɗauri biyu, don kada ya yi maguɗi. Ya shafa ƙasa a tafi ya fara ƙwanƙwasawa. Wajen rabi ƙafarsa ta zame, tsakuwa ta zubo mana, ya rataye da hannu ɗaya har sai da yatsun ƙafarsa suka sami tsaga. Da ya kai sama hafsan ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a sake shi. Sannan ya juyo ya ce wa Alhaji, a gaban ƙananan sojoji, ashe rantsuwar dattawan Sabo ke nan.

Wannan maganar ce ta ci Jatau. A Sabo za a iya yafe maka sata, amma ba a yafe wa wanda ya ƙaryata maigidansa a gaban bare. Ba wanda ya tsaya ya ce mu ne muka yi ƙaryar. Kafin Juma'a Alhaji ya sa an fitar da tabarmarsa. Duk masu saukar da baƙi suka haɗa baki, ba mai ba shi kwando. Ƙofa ɗaya aka bar masa a buɗe, ta gidan Sarkin Makafi, kuma aka riƙa aiko masa cewa wannan taimako ne. Kwana tara yana kwana a rumfar wani mahauci, sannan ya ce gida zai koma.

Ni kaɗai na raka shi tashar Ojoo. Motar goro ce, an yi mata lodi har sama. Na kama hannunsa zan ɗora shi, ya zare a hankali, ya laluba katakon ya haye kan huhu ya zauna. Na ce masa ya yafe wa mutanen nan, tsoro ne ya sa su, ransa suke so su ceta.

Ya ce, "Kafin su rantse, su ba su taɓa zuwa gindin dutsen ba, Manniru, kai kuwa ka sha raka ni. Daga inda aka kulle ni ina jin ku duka shida. Muryarka ce ba ta yi rawa ba."

Direba ya tada mota. Na tsaya a tashar har ta ɓace mini.