A Wanke Duka

Sana'ata sayar da buhun da babu komai a cikinsa. Shekara arba'in da wani abu ina bin kasuwanni da ƙullin buhuna da igiya, yau Beri, gobe Bobi, idan masara ta yi kyau har Sahon Rami. Makaranta aji biyu na yi. Da zan shiga na uku, malamin da kansa ya zo ya ba mahaifina shawara a bar ni haka, kada a wahalar da kowa. Saboda haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri, hannun ɗaure buhu ne.

Ni da mai ɗakina mun daɗe ba mu samu haihuwa ba, daga baya Allah ya ba mu 'ya mace guda ɗaya, ita ce ta fari ita ce auta. Ta yi karatun da ubanta ya kasa, ta zama malamar makaranta. Ita ta sayo mini babbar waya, irin wadda ake shafawa da yatsa, ta koya mini inda ake dannawa a ɗauki hoto. Daga ranar akuyar gidanmu ba ta sake hutawa ba. Na ɗauke ta tana ci, na ɗauke ta tana kwance, na ɗauki maƙwabcina yana alwala bai sani ba. Kafin wata ya ƙare na fara ganin masu hoton Kontagora cin banza kawai suke yi.

Da bikin yarinyar ya matso, mai ɗakina ta ce, "Malam, a nemo mai hoto."

Na ɗaga wayar na nuna mata. Na ce, "Ga shi a gabanki."

Ta ce, "Mai hoto nake nufi, ba mai akuya ba."

Ban saurare ta ba. Ba rowa ba ce, ko da yake ita ma ina da ita daidai gwargwado. So nake a gan ni a tsakar gida da babbar riga, waya a sama, ina cewa mata su matsa nan su matsa can.

Ranar ɗaurin aure, bayan an shafa fatiha an watse, na shigo gida na tarar da wani mutum a bakin zaure da baƙar jaka da kyamara mai dogon baki. Dangin ango ne suka ɗauko shi. Ba yaro ba ne, ya yi furfura a gemu, kuma daga Hausarsa na gane mutumin wajen Rijau ne. Ya gaishe ni da ladabi. Ni kuwa na kumbura kamar buhun da aka cika da ƙaiƙayi. Na ce masa gidan nan akwai mai hoto, ya je can gidan ango ya yi musu aikinsu. Mai ɗakina ta aiko daga ciki a ce mini in bar bawan Allah ya yi abin da ya kawo shi. Na ce a gaya mata ta kula da tukunyarta. Mutumin bai yi gardama ba, ya rataya jakarsa ya fita.

Na yi aiki ranar, ba ƙarya. Sai dai da aka duba, rabin matan babu kawuna, sauran kuma babban yatsana ya rufe su. Amarya ta fito a wani hoton kamar hayaƙi. Aka yi ta dariya, ni ma na taya su. Amma a cikin tarkacen nan akwai guda uku da na kama mai ɗakina. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ita mace ce da ba ta yarda da hoto, tana ganin an ɗaga waya za ta ja mayafi. Ga kuma kunyar 'yar fari, wadda ko sunanta ba ta faɗa, don haka yinin bikin nan a ƙuryar ɗaki ta yi shi. Ƙawayen amarya duk da wayoyinsu ba wadda ta same ta. Ni ma satar ta na yi ta taga.

Wata bakwai bayan biki ta kwanta ciwo. Kwana huɗu ta yi.

Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar arba'in, 'yan'uwa suka naɗe tabarminsu, yarinyar ta koma ɗakin mijinta a Beri. Gidan ya rage daga ni sai akuya. Da safe in ɗora ruwan shayi in zuba kofi biyu, sai na zauna in tuna. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya tsorata ni shi ne wata rana da la'asar ina zaune ina ƙulla igiya, na nemi fuskarta a cikin kaina na rasa. Muryarta tana nan. Tarinta na asuba yana nan, da yadda take jan silifa ɗaya fiye da ɗaya. Amma fuskar sai ta ƙi tsayawa. Irinmu ba a koya mana kallon mace ido cikin ido ba. Shekaru nawa muna tare, yawancin hirarmu kwanon tuwo nake kallo.

Na ciro waya na nemo hotunan nan uku. Ƙanana ne, idona kuma ya tsufa. Akwai katin zaɓenta, amma matar da ke jikinsa kamar an kama ta da kayan sata, ba ita ba ce. Na ce gara a fitar da na wayar a takarda, manya, in rataye.

Tun muna samari, idan an ɗauki hoto sai a ce a kai a wanke. Haka muka taso muna faɗa, ban san wata kalma ba. Washegari na nufi layin masu waya a kasuwa, inda ake gyara ana tura wa mutane karatu da waƙoƙi. A wautata duk abin da ya shafi waya nan ake yin sa. Na samu wani magidanci da tabarau yana tonon cikin wata waya, na miƙa masa tawa.

Na ce, "So nake a wanke mini."

Ya jujjuya ta. Ya ce, "Tana nauyi ne, Baba?"

Na ce, "Ta cika dai."

"Duka za a wanke?"

"Duka."

"Har da hotuna?"

Na ce, "Kai, ai su suka kawo ni."

Ya sauke tabarau ya dube ni. "Baba, ka tabbata? Babu wanda kake so a bari?"

Na ji haushi, na ɗauka raina mini aljihu yake yi. Na ce, "Ko na akuya kada ka bari. A wanke duka."

Ya ce in zagaya in dawo. Na je na ci ƙosai, na zolayi mai goro, na dawo da farin cikina. Ya miƙo mini waya tana ƙyalli, har bayanta ya goge.

Na ce, "To ina hotunan?"

Ya ce, "Na wanke."

Na ce, "Shi ne nake cewa ba ni su."

Na ga bakinsa ya buɗe a hankali. Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce, "Baba, wane irin wanki kake nufi?"

Ashe su a wurinsu, idan an ce a wanke waya, a share duk abin da ke cikinta ake nufi, ta koma kamar ranar da aka saye ta. Ya yi ta salati, ya karɓi wayar ya jona ta a kwamfuta, ya kira na kusa da shi suka haɗa kai. Babu. Ya ce in yafe masa. Me zan yafe? Sau uku bawan Allah ya tambaye ni, sau uku na ba shi amsa da ƙarfina.

Har lambobin mutane sun tafi, ni kuma ban haddace ta kowa ba, ko ta 'yata. Kwana biyu wayar tana kan tabarma a gefena ina jira ta yi ƙara. Da yarinyar ta kira na gaya mata. Ban ji ta yi kuka ba, kuma ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Can ta ce, "Baba, ka je wurin mutumin nan da ka kora. Mijina ya ce shagonsa yana hanyar tasha."

Mako guda ina wuce shagon. In zo daidai ƙofar sai in tuna ina da wata buƙata a gaba. Ranar da na shiga, yana zaune yana goge kyamara da ƙyalle. Ya ɗago, ya gane ni nan take.

Ya ce, "A'a, abokin sana'a. Sannu da zuwa. Ya kasuwa? Ka ƙwace mana ita duka ko ka rage?"

Na ce, "Na rufe shago."

Ya yi dariya ya ba ni kujera. Na faɗa masa komai, ban rage wa kaina ko ɗaya ba, har da ƙosan. Da na zo kan rasuwar sai dariyar ta ɗauke. Ya ce Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ya juya ga kwamfutarsa. Ashe kowane biki da ya taɓa yi yana nan a ajiye, shekara da wata, ba ya zubar da ko wanda ya lalace.

Na ce, "Ai ban bar ka ka ɗauki komai ba."

Ya ce, "Kafin ka shigo na ɗan yi aiki. Baba, ni idan na shiga gidan biki ba amarya nake fara nema ba. Amarya tana nan, an zaunar da ita, ba inda za ta. Uwar amarya nake nema, don ita ce mai ɓuya. Sai in tsaya a zaure in yi kamar ina gyara jaka, in jira. Dole wani abu ya fito da ita, ko gishiri ko faɗa."

Ya fara wuce hotuna. Ga tsakar gidana cike da mata, duk anko ɗaya, shuɗi mai ratsin fari. Na ga wata ta sunkuya kan tukunya, na dangwala yatsa a gilashin na ce, "Ga ta."

Ya ce, "Wannan ƙanwarta ce. Ita ta biyo ni waje da kunu bayan ka sallame ni."

Na janye yatsana na sa a aljihu. Bai dube ni ba, na gode masa da wannan. Ya wuce guda biyu, ya tsaya, ya jawo wani gefe na hoton har ya cika gilashin.

Tana tsaye a ƙofar ɗakinta, hannu ɗaya riƙe da labule. Ɗankwalin ya zame baya, furfurar gaban goshi a waje. Bakinta a buɗe, tana tsakiyar yi wa wata faɗa, wushiryarta ta fito. Komai tar, har zufar da ke kan hancinta. Girarta ta hagu ta fi ta dama ɗagawa, abin da ban taɓa lura da shi ba sai ranar. Na daɗe ina kallo. Mutumin ya tashi ya fita waje, ya ce zai duba janareta, alhali akwai wuta.

Da ya dawo ya ce, "Yaya za a yi da shi?"

Na buɗe baki, kalmar wankin nan ta zo ta maƙale. Na ce, "A fito mini da ita a takarda. Guda biyu, ɗaya na yarinyar."

Ya ce jibi in zo in karɓa. Na miƙe zan tafi, ya ce, "Kai fa, Baba? 'Yarka tana da naka?"

Na ce tana da wanda na ɗauki kaina da kaina, hanci ne da hula.

Ya ce, "Shigo ciki. Kada ita ma wata rana ta zo tana nuna mini ƙanenka."

A ɗakin ciki akwai labule mai zanen furanni da wata doguwar kujera mai jan ƙyalle, wadda ango da amarya suke zama a kai. Na gyara hula na zauna. Ya kunna fitilu, ya leƙa ta cikin kyamara, ya ɗago.

Ya ce, "Baba, ka maƙale a gefe. Matso tsakiya."

Na duba. Ashe can ƙarshen dama na zauna, na tattare rigata, na bar rabin kujerar. Na yi niyyar matsawa, jikin ya ƙi.

Na ce, "Ɗauka a haka."

Ya koma bayan kyamararsa ya ce in ɗaga haɓa.