Soja Na Uku Daga Hagu

Shekara talatin da ɗaya Malam Almustapha ya yi yana buga hatimi a kan wasiƙun mutane a gidan waya. Da ya yi ritaya ya dawo Wurno, sai aka laƙaba masa "mai hotunan sojan Nasara". Masu yi masa dariyar nan, rabinsu ko sunan kakansu ba su sani ba.

Katunan wasiƙa yake tarawa na zamanin Turawa, masu hoto a gaba da rubutu a baya: sojoji baƙar fata a jere, jar dara a kai, ƙafa ba takalmi. Arba'in da bakwai ne cikin gwangwanin biskit, amma saboda guda ɗaya ya tara sauran.

Kakansa Halliru manomi ne a Lahodu. Aka ɗauke shi soja lokacin yaƙin Jamus na farko, matarsa Habi tana da ciki, kuma bai dawo ba. Ba labari, ba kabari. Bayan shekaru wani ɗan'uwansu mai yi wa Bature kuku a Sakkwato ya zo da katin. Habi ta ɗora yatsa kan na uku daga hagu, ta ce mijinta ne, har ta koma ga Allah ba ta canza magana ba. Almustapha so yake ya sani: fuskar kakansa ce, ko ta wani bawan Allah?

Amsar tana bayan katin. In an aika shi kafin 1914, ba Halliru ba ne, don lokacin yana gona. In bayan nan ne, akwai fata. To kan sarkin ya ɓalle tuntuni, saura tabon hatimi da ya dushe. Sai ya koya wa kansa aikin: kan sarki mai Nijeriya ta Arewa ya girmi mai Nijeriya kawai, kati marar layi a tsakiyar baya ya girmi mai layi. Ya baza su a tabarma, ya duƙufa da gilashin ƙara girma, har ya karanto ɗaya, tara, ɗaya na shekarar da ke hatimin katin kakan. Lamba ta huɗu ta ƙi fitowa.

Bara wani malamin tarihi a Sakkwato ya ce yana da fitilar da ke tayar da tawadar da ta mutu, ya ce masa ya kawo katin bayan damina. Kafin nan gulbin Rima ya cika ya shigo unguwarsu, shi kuwa yana kwance asibiti da hawan jini. 'Yarsa Mashkura ce ta tsamo gwangwanin. Ta ga katin kakan ya sha laima ya lanƙwashe, sai ta yi abin da kowa ke yi wa hoto mai daraja: ta kai wa Lawwali mai firem a kasuwa. Shi kuwa wannan gwani, yana ganin rubutu da idonsa, bai tambayi kowa ba. Ya lafta gam a bayan, ya manna a katako, ya datse gefuna da reza, ya sa gilashi.

Ranar da aka sallamo uban, Mashkura ta miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, ga Kaka na sa an gyara maka. Yanzu ko ruwa ba ya taɓa shi."

Ya juya firem ɗin, ya ga katako.

"Mi anka yi ma bayan?"

"Bayan mi, Baba? Ai ba komi can sai dauɗa."

Ya daɗe yana shafa katakon da yatsa.

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyata."

Washegari ya lallaɓa wurin Lawwali. Mutumin har da bugun ƙirji, wai gam ɗinsa bai taɓa saki ba. Almustapha ya gwada ɗaga kusurwa ɗaya, takardar ta rabu biyu, bayan ya bi katako. Ya tsaya nan.

Malamin Sakkwato ya kira sau biyu, Almustapha ya ce masa jiki ne ya hana. Mashkura kuwa har yau ba ta san abin da ta yi ba. Uban ya tara mutanen gida ya ce duk wanda ya faɗa mata, bai yafe ba.