Ranar da Na Sa Taubashina Ya Yi Shaida

Abin da ke tsakanina da taubashina ba ƙarami ba ne. Akwai jini, don ɗan gwaggona ne. Akwai albasa, don duk abin da ya noma a fadamarsa ta bakin dam ɗin Goronyo ni nake saye in yi lodi zuwa Kudu, tun ina ɗaukar buhu biyu a bayan babur. Sai kuma sunansa a ƙauyensu, wanda ban taɓa lissafawa cikin abin da zai iya salwanta ba.

Da damina 'yan bindiga suka ɗauke shi a hanyar gona, suka riƙe shi har aka yanke gero. Dangi suka haɗa abin da suka iya, aka karɓo shi. A wajenmu idan mutum ya dawo daga hannun mutanen daji, ana zuwa a yi masa barka da arziki, a ce Allah ya tsare gaba, a tashi. Ba a tambayarsa abin da ya gani. Babu wanda ya kafa wannan doka, amma kowa ya san ta, ni ma na san ta.

Da rani ya shigo ya koma ban ruwa, muka ci gaba da harkarmu. Wata ranar kasuwa bayan azahar muna jiran mota a Goronyo, sai muka fake a rumfar mai cajin waya. Yana da talabijin da ke aiki da sola, ranar kuma ya sa wani fim da ake ta turawa a wayoyi, wai labarin gaskiya ne na wasu matafiya da aka tsare a daji. Rumfar ta cika. Taubashina ya zauna a bakin benci, ya ba talabijin ɗin gefe, yana gyara igiyar takalminsa da ba ta lalace ba.

Tun fim ɗin bai yi nisa ba gardama ta tashi. Direban da zai ɗauki kayana ya nuna wani a cikin fim ɗin ya ce, "Ku dubi wuyan wanga. Wai wata da watanni cikin daji, ga shi kamar wanda anka turke don layya." Aka yi dariya. Wani dattijo mai sayar da buhunan lodi ya ce shi bai ga abin dariya ba, kuma waɗanda suka yi fim ɗin su ji tsoron Allah, hawayen mutane ba hajar kasuwa ba ne. Mai rumfar ya ce, "Baba, in ba a nuna ba, na birni yaushe za su san mi muke ciki?" Dattijon ya ce, "Sun sani, ɗana. Kallo dai suka so."

Ni ban sa baki ba sai da aka zo wurin da aka ɗaure wani mutum, aka doke shi, aka ce ya faɗi masu dukiya a garinsu. Ya yi kuka, ya faɗi sunan maƙwabcinsa. Nan na gyara zama. Ni mutum ne mai son a ji ra'ayina, sana'ar ce ta saba mini da haka. Na ce wannan ba namiji ba ne, ragon banza ne, kuma masu fim ɗin sun ci mutuncin mutanen karkara da suka nuna mu haka. Na ce da ni ne, sai dai a yanka ni.

Direban ya ce, "Alhaji, kai da ko allura ba ka so?"

Aka sake dariya, a kaina wannan karon, ni kuwa ba na son a tashi gardama ina ƙasa. Sai na waiwaya na ga mai raba mana ita yana zaune. Tsakanin taubasai babu maganar da ta yi nauyi. Tun muna yara ni da shi kowa ke kiran ɗan'uwansa bawa, har yau ba a yanke wane ne ubangida ba. Da wannan lasisin na ɗaga murya.

Na ce, "Kai bawana, kai da kag ga abin da idonka, hwaɗa musu. Namiji na yin haka?"

Dattijon ya kalle ni, ya girgiza kai a hankali. Ina da damar in mai da ita wasa a nan, amma na ƙara da cewa, "Yi magana mana, ko sun riƙe harshen can?"

Taubashina ya ɗago. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya ce, "Ba su ma daɗe suna dukana ba. Sunanka nib ba su."

Mai rumfar ya rage muryar talabijin ɗin. Taubashina ya ci gaba, ni kaɗai yake kallo. Ya ce ya duba duk wanda zai faɗa a ƙauye, kafin gari ya waye za su je su ɗauko shi. Ni kuwa ina tsakiyar Wurno, gidana da katanga, ga jami'an tsaro kusa. Ya ce, "Kai ɗai na na san ba su iya kaiwa gare ka." Ya sa takalminsa ya fita.

Na yi shekaru ina auna riba da haɗari, kuma ko a lokacin na ga lissafinsa daidai ne. Da ni aka ba wa zaɓin ina zaune lafiya, da shayi a gabana, sunan da zan zaɓa ke nan. Shi kuwa ya yi wannan tunanin da sarƙa a ƙafarsa.

Sai dai rumfar ba ni kaɗai ba ce. Rabin maganar ne ya fita kasuwa, rabin da ya fi sauƙin ɗauka: wane ya ba mutanen daji suna. Kafin kasuwa ta zagayo an fara kiransa infoma, kalmar da a yankinmu takan kai mutum kabari. 'Yan sa-kai suka je gidansa suka yi masa tambayoyi a gaban 'ya'yansa. Na tafi wurin mai garinsu da kaina, na rantse cewa ni da aka ambaci sunana ban riƙe shi da komai ba, hasali ma mutanen ƙauyen ya kare da ya faɗi sunana. Mai gari ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Alhaji, ni na yarda. Amma bakin mutane ba hannuna yake ba. Wa yac ce ka tambaye shi?"

Ba a gama cire albasa ba ya kwashe iyalinsa ya koma wurin surukansa a Rabah. Na bi shi can, na ce ya zo Wurno in ba shi jari. Ya yi godiya sosai, irin godiyar da ake yi wa baƙo, ya ce zai yi shawara. Har yanzu yana shawarar. Gwaggona tana amsa gaisuwata daga cikin ɗaki.

Fadamar tana hannun wani da ya karɓe ta aro, kuma ni yake sayar wa, har ya fi taubashina sauƙin ciniki. Bana albasa ta yi daraja, ban rasa ko buhu ɗaya ba. Shi kuwa, mutumin da ya haƙa rijiyoyin gonarsa da hannunsa, yanzu ƙodago yake yi a gonar wasu, ana biyansa da yamma. Ni na yi maganar, shi ya biya.