Katin da Yaya Ya Narka wa Leda

Ina tara katunan wasa masu zane. Wata shekara na samu na musamman, dodon ruwa mai ƙyalli, irin wanda ake bugawa kaɗan. Ko yatsa ban taɓa ɗora wa fuskarsa ba. Na shirya aika shi wurin masu duba lafiyar kati su ba shi maki, goma cif nake hange.

Sai yayana, sarkin shisshigi, ya zo daga Kano ya sauka a gidana da ke unguwar Barking, nan ƙasar waje inda nake zaune. Na dawo daga aiki, ya miƙo mini katin yana washe baki. Ashe shagon buga takardu ya kai shi aka narka masa leda, yadda muke yi wa takardar haihuwa a gida.

"Ka ce yana da daraja, shi ne na adana maka," in ji shi.

Masu ba da maki ko kallon irin wannan ba sa yi. Na haɗiye zagin da ya zo mini baki, don yaya ne. Ya tsaya ƙiƙam yana jiran godiya. Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne na yi masa godiyar.