Manhajar da Na Yi wa Kawu

Shekarar da na gama karatun ordinater, wato kwamfuta, na dawo Magarya, aikin farko da na samu na kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Shi ke yi wa shanu allurar rigakafi daga Sassumbrum har Dogo-Dogo, bisa wani tsohon babur da jaka cike da kaye-kaye, wato littattafan rajista. Wata damina ruwa ya jiƙa masa jakar, rubutun shekara biyu ya narke. Da yamma ya zo gidanmu ya shimfiɗa littattafan a tsakar gida suna shan iska.

"Kai da ka yi karatun na'ura," ya ce da ni, "ba za ka iya yi mini abin da ruwa ba ya ci ba?"

Na ce zan iya. A bironsa, wato ofishinsa, akwai wata tsohuwar na'ura ta kan tebur da aka ba su, ba a yin komai da ita sai buga wasiƙa.

Mai haɗa manhaja ba ya ƙera kowane abu da hannunsa. Maballin da ake dannawa, tebur mai layi-layi, kalandar zaɓen rana, duk wasu sun riga sun yi su, sun tara a wuri guda, mu kuma mu ɗauko mu jera. Tarin nan shi muke kira bibiliyotek. Suna da yawa, kuma zaɓen ɗaya shi ne rabin aikin.

Biyu suka tsaya mini a rai. Ɗaya sabuwa ce, mai launi da inuwa, maballinta har lumshewa yake in an taɓa shi. Ɗayar tsohuwa ce, toka-toka, wasu masu sa kai ne ke kula da ita. Ina saurayi, ina son a ga na iya, sai na ɗauki mai kyan. Kwana uku na yi ina hawa rufin soro da hantsi, don a can ne wayata ke kamo layin Najeriya, kafin na gama sauko da ita.

A tawa na'urar komai ya tafi daidai. Ranar da na kai wa Kawu, na sa kile, ɗan abin nan da ake ɗaukar manhaja a ciki, na juya masa, muka zauna muna jira. Har aka dafa shayin farko aka sha allon bai gama buɗewa ba. Da ya buɗe, Kawu ya gyara tabarau ya rubuta da yatsa ɗaya: baƙar saniya mai karyayyen ƙaho. A wurin kowane ƙ sai wani ɗan akwati ya fito.

"Wannan fa?"

"Ba ta san haruffanmu ba ne, Kawu."

Sati bai zagayo ba kuma ta ƙi buɗewa sam, wai sai ta gaisa da masu ita ta intanet ta tabbatar da izini. A biron Kawu ko kiran waya sai an fita bakin bishiya.

Na ji kunya ƙwarai. Na yi zaton zai ce a bar zancen. Amma washegari ya tsaya a ƙofar gidanmu ya ce in hau bayan babur ɗinsa. Muka yini a rugage wajen Dantchiao. Na ga yadda yake aiki: makiyayi na kiran kamannin saniya, shi yana riƙe da allura, rana na dukan takarda har sai ya runtse ido. A hanyar dawowa ya ce, "Abin da zan kwafe ke nan in na koma biro, idona a gajiye. Ka yi mini manyan baƙaƙe, kwalliyar ka riƙe abarka."

Na koma wa tsohuwar. Na sake aikin daga tushe. Ba ta da nauyi, ba ta neman intanet, ta karɓi ƙ da ɗ da ɓ ba gardama. Da na rasa yadda zan ƙara girman layukan teburin, na rubuta tambaya a zauren masu ita na intanet da Faransancina. Wani mutum da ban san ƙasarsa ba ya amsa mini bayan kwana biyu, dalla-dalla, har ya tambayi wane irin shanu muke kiwo.

Kawu ya yi shekaru yana aiki da ita. Har abokan aikinsa na Dungas suka riƙa aiko da kile a juya musu.

Yanzu ina Damagaram, manhajar waya muke yi, kuma bibiliyotek ta yi yawa har kafin ka saba da ɗaya an ce ta tsufa. Kawu ya yi ritaya, ya koma gonarsa. Bara da kaka na je gaishe shi, na tarar ana ɗaure dammunan hatsi. Gwiwa ta fara damunsa, sai ya zauna a inuwar rumbu yana nuna mana da sanda inda za mu ajiye, ni kuma na tuɓe riga na shiga cikin masu ɗauka har la'asar.