Shawarar da Ta Ci Yatsun Ƙanena

Ko zan manta komai na zamanin korona, ban da ranar da wani mai shegen iyayi ya kusa kashe mini ƙane.

Lokacin ina digiri na biyu, muna kulle a wani gida a unguwar Wangsa Maju da ke Kuala Lumpur, ni da wani ɗan garinmu. Ƙanena kuwa yana karatun likita a Kazakhstan. Wata rana da la'asar ya kira ni ta bidiyo, ya ce annoba ta sa an rufe wuraren wasan ƙanƙara, don haka shi da abokansa za su hau dutsen bayan gari, inda babu masu sa ido.

"Amma Yaya, an yi gargaɗi. Wai tsananin sanyi ya mayar da dusar ƙanƙarar ƙasa gari-gari kamar sukari, sabuwa kuma ta zauna a kanta. Ana takawa sai ta zame ta rufto."

Kafin in buɗe baki, abokin zamana ya ajiye shinkafar da ya yo tapau, wato ya sayo a ƙunshe, ya fizge wayar.

"Haba ƙanena, boleh lah, zai yiwu mana! Sanyi ai ƙara mata tauri yake. Ka taɓa ganin ƙanƙarar firiza ta rufto? Je ka ɗauko mana hotuna."

Mutumin da ko fanka aka kunna sai ya nemi bargo! Bai taɓa taka dusar ƙanƙara ba, amma ya zauna cikin zufar Kuala Lumpur yana yanke hukunci. Na karɓe wayata na ce kada ya kuskura, sai dai yaro ya riga ya ji abin da yake so ya ji.

Washegari abokin ƙanena ya kira ni yana kuka. Gangaren ya tsage a ƙarƙashinsu, ya yi gaba da ƙanena, ya binne shi. Da hannu suka tono shi. Ya rayu, amma sanyi ya kashe yatsun hannunsa na dama, dole aka yanke su. Yaron da burinsa tiyata! Ga iyakoki a rufe, ba jirgi, ko jinyarsa ban samu yi ba.

Da na faɗa wa gwanin namu, bai ko ajiye cokali ba.

"Ƙaddara ce, sai haƙuri."

Na yi imani da ƙaddara, amma wallahi har gobe in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Tun daga nan na koyi tambayar duk mai ba da shawara da ƙarfin murya ko ya taɓa taka wurin, domin ba shi ke ɗaukar asarar ba. Gwanin namu dai ya gama karatunsa lafiya lau. Ƙanena har yau da hagu yake cin tuwo.